Salsalar gidanmu bisa babban allo, wa yat taɓa fama da wanga abu?

Na Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina biɗar wanda yat taɓa shiga irin halin da nika ciki. Shekara biyu ke nan ina tattara salsalar gidanmu cikin kwamfuta, tun daga kakan kakanmu da yat taso daga wajen Wurno har jikokin da anka haifa bana, yanzu mutum 600 da 'yan kai na shigar. Dut aikin bisa laftof ɗina mai inci 15 niy yi shi, kullum ja dama ja hagu, in na kai ga ɗiyan ƙanen kaka na mance inda nib baro na wanshi. Shi na nid daure nis sayi monita inci 27 na hannu, niyyata in an yi taron zumunci bayan sallah in aza shi gaban dattawa su duba su gyara min tun suna da rai, don gaskiya saura kaɗan garemu waɗanda sunka san tushen abin. To na jona, amma mutanen da nika gani ga laftof su ɗai nika gani ga babban allon, ko mutum guda bai ƙaru ba, akwatunan sunaye dai sunka kumbura, rubutun kuma ya yi dishi-dishi. Wallahi raina ya ɓaci. Mi ya kamata in yi?

Mai gyara Ƙofar Atiku:
Wa alaikumus salam. Yaya kwantar da hankalinka, wanga kusan kowane sati sai an kawo min irinai shago. Kafin komi danna maɓallin Windows tare da P. Ina da yaƙinin kan Duplicate kake, wato monita na kwafar abin da ke laftof, kuma galibin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu 1366x768 ne, to sai babban allon ya bi ƙaramin ya buɗa hoton kawai. Mai da shi Extend ko Second screen only, sannan ka shiga Display settings ka zaɓi monitan ka sa mashi rezolushan nai na asali, in inci 27 na hannu ne mai yiwuwa 1920x1080 ne. Na biyu wane kebul kas sa? In mai shuɗin kai ne mai kusoshi biyu, VGA ke nan, shi ma yana kawo dishi-dishi musamman in kebul ɗin ya tsufa, in akwai ramin HDMI koma can.
Abin da nika faɗa ma kwastomomi kullum, yawan inci ba shi ka ƙara maka fili ba, yawan fiksel ne, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto bisa allo. Inci 24 da inci 27 in dukansu 1080 ne mutanen da za ka gani daidai suke.

Abu Hanan:
Ni akasin naka ya same ni. Na samu monita 4K, 3840x2160, ninki huɗu na fiksel ɗin 1080, ina murna yau zan ga zuri'a gaba ɗaya. Eh na gan su kam, amma kowane suna kamar tururuwa, sai na kai hanci jikin gilashi. Na je na ƙara scale, wato saitin girman rubutu da komai na allo, zuwa kashi 200, rubutu ya fito tas, sai na lura filin ya koma daidai da na 1080 ɗin da na baro, kaifin rubutu kawai na ƙaru da shi. A 150 na tsaya, a nan filin yana zama kamar 2560x1440, ido ya huta kuma tsatso biyu sun ƙaru a allo.
Wahalar da ta fi ci min rai ita ce tsohuwar manhajar da nake amfani da ita tun zamanin ina makaranta, ba a gina ta da sanin irin wannan allo ba, da na ƙara scale sai maɓallanta suka hau kan juna, wani wurin sunan mutum ya yanke rabi. Wani abokin aiki ya nuna min a danna dama kan manhajar, Properties, Compatibility, Change high DPI settings, a bar Windows ta riƙa buɗa ta da kanta. Ta daidaita amma da ɗan hazo. Na yi wata uku a haka na gaji, na fitar da bayanan a fayil ɗin GEDCOM, wanda manhajojin salsala ke musayar bayanai da shi, na koma wata manhajar salsala mai suna Gramps, kyauta ce kuma ba ta buƙatar data in ka sauke ta.

Maman Asma'u Runjin Sambo:
Ku maza kun tsaya ga waya da fiksel, ni inda nis sha wuya daban na. Waɗanga manhajoji yadda anka zana su kamar don gidan miji guda mata guda ɗiya ukku. Mu ko kakanmu Allah shi gafarta mai mata huɗu yab bari, ban da biyu da sunka rasu da guda da sunka rabu, ɗiya 29, kowane ɗa namiji shi ma ya aje biyu ko ukku. In kac ce a nuna maka kakanni zuwa sama ba matsala, kai da uwaye da kakanni har hawa biyar mutum 31 na, hawa shida 63, kowane allo na ɗauka. Amma juya ka ce a nuna zuri'ar mutum guda zuwa ƙasa, nan abin ka bajewa kamar shanya, ba monitan da za shi ɗauke shi ko bangon ɗaki na.

Sannan ga auren zumunci. Ni da maigidana ɗiyan wa da ƙane muke, innata da baban maigidan kuma ta wajen uwa sun sake haɗuwa, to sai zanen ya riƙa maimaita kaka guda wuri ukku wuri huɗu da dukan mutanen da ke bisa gare shi, fili na ƙarewa ga maimaici. Ranar da nin nuna ma baffana ya ce ke wanga ai mutum guda na mi ya sa kinka raba shi huɗu, kunya ta kama ni don gaskiya garai. Abin da yaf fisshe ni, cikin Gramps akwai ƙarin da aka sauke wa mai suna Graph View, yana aiki da manhajar zane ta Graphviz, shi mutum sau guda yaka zana shi sai layukka su taho gare shi ta ko'ina. Ranar da nig ga gidanmu a haka na daɗe ina kallo, don a nan nig gane ashe ba icce muke ba mai rassa, tabarma muke, saƙa ta shiga ta fita.
Kuma na daina ƙoƙarin nuna kowa lokaci guda. Ɗaki ɗaki nika buɗewa, yau ɗakin uwargida da zuri'atta, in an gama a koma na mai bi mata. Hakanan ma tsofaffin ka lissafa mutane da ka, ba su taɓa haɗa ɗakuna.

Almajirin Hubbare:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Ƙari kaɗan, a wajenmu nasaba iri biyu ce ake biɗa. Akwai ta wane ɗan wane ɗan wane, layi guda miƙaƙƙe, irin yadda ake jero ta Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har a kai Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro. Irin wannan ba faɗi take so ba, tsawo take so. Ni monita inci 24 gare ni mai juyawa, sai na tsai da shi a tsaye na shiga Display settings na mai da shi Portrait, ya koma 1080 a faɗi 1920 a tsawo, silsilar malaman gidanmu hawa 12 ta zauna daram har da wurin rubuta inda kowa ya yi karatu da inda aka rufe shi. In za a duba zuri'a sai in kwantar da shi. Wanda monitansa ba ya juyawa akwai ƙarfen da ake ɗaurawa a baya in yana da ramukan kusoshi huɗun nan.

Injiniya Arkilla:
Namu a intanet yake, wani ɗan ƙanen babanmu da ke Kaduna ya ɗora shi tun da daɗewa don 'yan uwa na nesa su riƙa shiga. Da na buɗe a babban monita na ofis sai ga salsalar ta taru a tsakiya kamar an ɗaure ta, dama fari fat hagu fari fat. Na leƙa fayil ɗin CSS, mai tsara kamannin shafin, na ga an kafe faɗin shafin a fiksel 960, lokacin da allon 1024x768 ke tashe an saba yin haka. Na canza shi ya riƙa bin faɗin allo, na rage tazarar da ke tsakanin akwatuna, shi ke nan. Amma ku ji kuskuren da na yi, ban gwada a waya ba, washegari ƙorafi ya cika gurup ɗin gida na WhatsApp, don kusan kowa da waya yake shiga, ni kaɗai ke da babban allon. Sai da na koma na sa sharaɗi, in allo ya wuce kaza a buɗe, in ƙarami ne a bar shi yadda yake. Wanda ba shi da ikon taɓa fayil ɗin, F11 a burauza da Ctrl tare da alamar ragewa suna ɗan taimakawa.

Bappan yara Gwadabawa:
Na Mabera tunda don taro kaka so, ji nawa. Bara munka yi namu, nic ce monita ya yi ƙanƙane, munka ɗauko talabijin inci 43 na falo munka kai zaure. Farko gefen hoton ya yanke, sunayen da ke bakin allo sun ɓace, sai da wani yaro ya shiga saitin talabijin ɗin ya sa hoton shi zauna daidai da allo ba buɗawa. Na biyu, talabijin ɗin 1080 na, wato bai ɗara monitanka fili ba, girma ɗai ya ɗara, amma ga taro girman na da amfani don tsoho na zaune bisa tabarma taki huɗu daga allo. Abin da nik koya, cire hotuna da ranakun haihuwa daga akwatin, bar suna da laƙabi kawai da manyan baƙaƙe. Laƙabin nan kada ka yi wasa da shi, muna da Muhammadu goma sha ɗaya, Usmanu takwas, in ba ka sa Bello ko Sambo ko Shehu ko Ladan ba, ko sarautar mutum in yana da ita, ba mai gane wa aka nufi, gardama ta kaure.
Kuma ka yi tanadin wuta. Mu ana tsakiyar ɗakin kaka ta biyu wuta tat tahi, kahin a tada janareta rabin tsofaffi sun tashi sallar la'asar ba su dawo ba. Bana na buga shi bisa fileks ma don tsaro. Nan ma na yi asara sau guda, hoton allo niɗ ɗauka nik kai, da anka buɗa shi ya zan mita biyu ba sunan da ka karantuwa. PDF ko SVG za ka fitar daga manhajar, su ko an buɗa su kamar mi rubutun ba ya fashewa.

Abu Hanan:
Na manta ban faɗa ba, wanda zai yi ƙaura daga wata manhaja zuwa wata ya tabbatar GEDCOM ɗin a UTF-8 ya fitar, tsarin rubutun da ke riƙe haruffa masu lanƙwasa. Ni karon farko ban kula ba, duk sunan da ke da ƙ da ɗ da ɓ ya dawo da alamar tambaya, a ƙaramin allo ban ma lura ba sai da na gan su manya-manya. Sannan Gramps na karɓar kwanan wata na Hijira, na gwada da rasuwar Shehu, 1232, ta faɗa 1817 daidai. Takardun kakanninmu ai duk da Hijira aka rubuta su.

Maman Asma'u Runjin Sambo:
Na Mabera in akwai tsofaffi mata cikin waɗanda za su duba, ka rubuta sunayen manya da ajami kusa ga na boko. Da yawansu boko bai zauna masu ba amma allo sun wanke.

Na Mabera:
Jama'a Allah shi saka da alheri, na dawo da labari. Mai gyara, Duplicate ɗin na kuwa, kuma VGA niy yi amfani da shi, na canza duka biyu, allon ya koma 1920x1080 rubutu ya washe. Hajiya na bi shawararki ta ɗaki ɗaki da ta ajami, kwana ukku ina zaune ina ƙara su ga hawa ukku na sama. Ban jira sallah ba, ranar Juma'a nid ɗauki monitan cikin bargo saboda ƙura nik kai gidan goggonmu, ita ɗai tar rage cikin ɗiyan kaka.

Na aza shi bisa tebur ƙarami gabanta, na buɗe ɗakin innarsu. Ta daɗe shiru tana bi da yatsa. Kun san ba ta faɗin sunan maigidanta marigayi ko na ɗanta na fari, shekara biyu ina tambayarta da baki tana kewayewa, wane na wane, mai sunan malam, ni ko ina rubuta abin da nika zato. Ranar nan sai ta aza yatsa bisa akwatin ta ce wanga ba nan yake ba, ɗan ɗakin tsakiya na, goyonai ɗai innarmu tay yi. Wuri huɗu tag gyara min hakanan da yatsa ba ta ambaci suna ko guda ba. Sannan ta ƙirga ɗiyan innarsu bisa allon ta ce bakwai ta gani, su ko takwas na, akwai yayarsu da anka kai aure Ƙonni tun goggo na ƙarama, can tar rasu wajen haihuwa, ɗiyar ta rayu. Ban taɓa jin ta ba, babana ma bai taɓa faɗa min ba.

Na buɗe sabon akwati nan take na sa ta. Goggo ta ce a matso mata da allon, ta sake karanta sunan da ajami, ta yi mata addu'a munka shafa. Yanzu ina neman wanda ke da 'yan uwa Ƙonni ko mai bin hanyar Illela da zai taimaka min da tambaya, sunan unguwar da anka kai ta na hannuna, in akwai sai mu yi magana ta gefe.