Matsalar Gudanar Jini a Yatsu Bayan Allurar Rigakafi

A wata tattaunawa tsakanin Hausawa mazauna Jidda, an taɓo batun masu ganin yatsunsu sun yi fari fat, sun koma shuɗi, sannan su yi ja da zugi bayan allurar rigakafi. Likitoci suna kiran wannan lalura Raynaud, kuma tana faruwa ne idan ƙananan jijiyoyin jini suka tsuke saboda sanyi ko damuwa. An samu rahotanni ƙalilan bayan allurar korona, amma ba su tabbatar da cewa allurar ce sanadi ba, don haka aka ja kunnen jama'a kada su ƙi allurar sanƙarau da ake buƙata kafin aikin Hajji.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce ta lura da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a ƙasar nan ta Saudiyya ba ta hutawa: a kauce wa iskarta, a daina riƙe gorar ruwa mai ƙanƙara, a ɗumama hannu da ruwan ɗumi, a bar shan taba. Idan yatsa ya yi gyambo ko baƙi, ko matsalar ta tsaya a hannu ɗaya, a garzaya asibiti ko a kira Ma'aikatar Lafiya a 937.