An fasa min gilashin mota a Jidda, ina neman shawara

Abu Safiya, Gulail:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Camry ce da ni ƙirar 2012, da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta. Gidan da muke haya ba gareji, a bakin titi take kwana. Daren Alhamis aka fasa ƙaramin gilashin baya, aka zare shashar da na sa mata a wurin rediyo, wato allon nan mai kamar talabijin, aka tsinke wayoyin. Wallahi ba kuɗin shashar ne ya hana ni barci ba. Wanda ya samu lokacin kwance rediyo, gobe zai iya tafiya da motar kanta. Me kuke yi wa naku?

Baba Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Gyaran wutar mota shi ne sana'ata a Sina'iyya, unguwar garejin gyaran motoci, irin naka sun sha zuwa hannuna. Shashar nan mai faɗi ita ke kiran ɓarawo, daga nesa ake hango ta. Je tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, ka sayi rediyon Camry na asali ka mayar. Ba mai fasa gilashi saboda shi.

Ita kuwa motar, a sa maka ɓoyayyen makunni a wayar famfon mai. In ka kashe shi, ko an murza makulli inji zai yi ta kuka, mai ba zai hau ba. Amma kada a sa shi ƙarƙashin sitiyari, nan hannu ke fara lalubawa. Kai da mai gyaran kaɗai za ku san wurin. Ka ƙara da ƙarfen kulle sitiyari, ja ko rawaya, wanda ake gani ta gilashi. Ɓarawo sauri yake yi, in ya ga aiki zai ja shi sai ya wuce.

Ummu Halid, Makka:
Sannu Malam, Allah ya tsare gaba. Ni abin da ke damuna shi ne masu barin mota a kunne a ƙofar bakala, wato kantin unguwa, don kada sanyin esi ya tafi, wani lokacin har da yara a ciki! Murur, 'yan sandan kula da hanya, ma na cin tarar riyal 100 zuwa 150 a kan haka. Kuma kada a bar komai a kujera, ko jakar da ba komai a ciki, ko wayar caji. Ikama da katin banki kuwa ba sa kwana a mota.

Sani Direba:
Ka kai rahoto? In ba ka kai ba, je ofishin 'yan sanda na unguwarku, ka kuma roƙi masu shagunan layin su adana hoton kyamararsu na daren kafin ya goge. In mota ce ta ɓace, Allah ya kiyaye, 911 za ka kira nan take. Duba inshorarka ma. In ta "diddal gair" ce, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ruwanta da sata. "Shamil", wato cikakkiyar inshora, ita ce ke ɗaukar sata, ita ma sai ka karanta ko ta haɗa da kayan da ka ƙara da kanka.

Abu Safiya, Gulail:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tawa diddal gair ce. Akwai kyamara a shagon wanki kusa da masallacinmu, bayan La'asar zan yi wa mai shi magana, daga yau kuma a gaban shagon zan riƙa ajiye motar. Baba, ranar Asabar kana buɗewa?