Wai da gaske allurar tazarar haihuwa tana kashe mahaifa?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Magana ce ke cina. Bayan na haifi tagwaye na yi allurar nan ta wata uku-uku har sau shida. Da na yaye su sai na daina. Yau wata takwas ke nan da allurar ƙarshe, shiru kake ji. Al'ada ma sai watan jiya ta leƙo, kwana biyu ta ɗauke. Jiya wata ta ce min allurar kashe mahaifa take yi, duk wadda ta yi ta ta yi sallama da haihuwa. Wallahi ban runtsa ba. Don Allah wadda ta sani ta faɗa min gaskiya, kada a ɓoye min komai.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi allurar nan shekara biyu, yau shekararta bakwai ko ɓatan wata ba ta yi ba. Kuma ku tsaya ku yi tunani, jinin da ya saba fita duk wata, allura ta tare shi, ina yake zuwa? Ai taruwa yake yi a ciki ya lalata mahaifa.

Ungozoma: Hajiya, Allah ya ba ƙanwarki mai albarka. Amma maganar taruwar jini ba haka take ba. Jinin al'ada ba wani datti ba ne da jiki ke tarawa. Duk wata mahaifa tana yin shimfiɗa mai kauri a cikinta don jiran ciki, in cikin bai shiga ba sai shimfiɗar ta zube, ita ce muke gani. Allurar nan ta wata uku-uku, wato Depo-Provera, tana ɗauke da sinadari mai kama da wanda jikin mace ke yi lokacin da take da juna biyu. Yana hana ƙwai fita, yana kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai ratsa ba, sannan shimfiɗar nan ba ta yin kauri. Abin da ba a shimfiɗa ba, me zai zube? Kusan rabin masu yin allurar al'adarsu kan ɗauke in sun kai shekara guda, kuma ba abin da ke maƙale a ciki.

Maman Tagwaye, ƙanwata, lissafinki ne da gyara. Allurar ƙarshe da kanta tana aiki sati 13, wato wata uku ɗin farko ba a sa su a jira. Bayan nan ma maganin ba ya fita lokaci guda, tsotsarsa jiki ke yi a hankali daga tsokar da aka zuba shi. Yawanci ana ɗaukar kamar wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ciki ya shiga, wasu har wata 18. Ke kina wata takwas, ga al'ada ta fara dawowa. Kina kan hanya.

Maman Tagwaye: Anti, to me ya sa ba wanda ya faɗa min haka? Ranar farko ko minti biyar ban yi a ɗakin ba. Ta ce in buɗe hannu, ta tsira min, ta rubuta ranar dawowa a kati. Da na san tana jinkirta ciki haka, da tun suna shekara ɗaya na canza.

Ungozoma: Wannan kam an tauye miki haƙƙi, ba zan kare kowa ba. Tambayar farko da ya kamata a yi wa mace ita ce: yaushe kike son ciki na gaba? Mai son ɗauka da zarar ta daina, allura ba tata ba ce. Ashanar hannu, wadda ake sawa a ƙarƙashin fata, ta fi dacewa da ita, ko Implanon mai sanda ɗaya ta shekara 3, ko Jadelle mai sanda biyu ta shekara 5. Ranar da aka cire, cikin kwanaki kaɗan maganin ya bar jini. Haka robar mahaifa.

Baban Yara: Ku yi haƙuri in sa baki. Anti, ku ma'aikatan lafiya kullum sai ku ce ba komai. A Amurka an sayar da wata robar mahaifa mai suna Dalkon Shield daga 1971, ita ma an ce lafiya lau ce. Zarenta ya riƙa jawo ƙwayoyin cuta cikin mahaifa, mata suka mutu, wasu da yawa suka rasa haihuwa, sai 1974 aka dakatar da sayar da ita. Ita Depo ɗin ma a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi a jikinta cewa tana rage ƙarfin ƙashi. Ko ƙarya na yi?

Ungozoma: Malam, ba ka yi ƙarya ba ko ɗaya, kuma ni ban ce ba komai ba. In ƙara maka ma: wani bincike na Faransa da ya fito a 2024 ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa a kan allurar da wani ƙari da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma mace ta cancanci ta sani. Allurar tana sa wasu ƙiba, kilo ɗaya zuwa biyu a shekara. Ƙashi yana raguwa, amma yawanci yana farfaɗowa bayan an daina. Duk wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tana mayar da mace juya, domin an bi matan da suka daina an ga suna ɗaukar ciki kamar sauran, jinkiri ne kawai. Dalkon Shield kuwa zarenta tufka ce ta silili da yawa, nan cutar ke maƙalewa ta hau. Robar yanzu silin zare ɗaya gare ta.

Hajiya Babba: To ƙanwata fa? Shekara bakwai ai ya wuce jinkiri.

Ungozoma: Ya wuce, Hajiya, shi ya sa nake jin zafin a ɗora wa allura a zauna. Maganin da ya bar jikinta tun shekara shida ba shi ne ke riƙe da ita yau ba. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana toshe bututun da ƙwai ke bi, sau da yawa mace ba ta ma jin komai. Cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari ma tana yin haka. Ga shekaru, ƙwai yana raguwa sosai bayan 35. Ga kuma namiji, wanda ba a cika dubawa ba. Mace tana kan allura ba za ta san wata matsala ta same ta ba, sai ta daina, sai a ce allura ce. An yi mata hoton bututu? An gwada maigidanta?

Hajiya Babba: Shi ai yana da 'ya'ya biyu da ita tun farko.

Ɗan Kemis: Hajiya, wannan ba ya wanke shi. Ciwo, ko ciwon suga, ko kumburin jijiyoyin maraina, duk suna iya rage maniyyin mutumin da ya taɓa haihuwa.

Ni abin da ya fi damuna ba allura ba ce, ƙwayar tazarar haihuwa ce. Mace ta aiko a saya mata don ƙawarta na sha, ba a auna jininta ba. Ƙwayar haɗi mai sinadari biyu tana da amfani, tana daidaita al'ada, tana rage ciwon mara, tana ma rage haɗarin sankarar shimfiɗar cikin mahaifa da ta gidan ƙwai. Amma tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Mai hawan jini, da mai shan taba da ta kai 35, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda ido ke ganin walƙiya kafin ya taso, su nisance ta. Mai shan maganin tarin fuka rifampicin ko wasu magungunan farfaɗiya, ƙarfin ƙwayar raguwa yake yi, ashana ma haka. Kuma saboda mantuwa, cikin mata 100 masu sha, kamar 7 kan ɗauki ciki a shekara. Allura 4. Ashana ɗaya cikin 1,000.

Amaryar Bara: Ni ashana ce a hannuna, wata biyar. Ina jin ta da yatsa a ƙarƙashin fata. Amma ɗigon jini ya hana ni sakat, yau akwai gobe babu, na rasa gane tsarkina. Cire ta zan yi.

Ungozoma: Ƙanwata, ɗigon ba alamar ciwo ba ne, amma na san yana takura, kuma shi ne babban abin da ke sa mata cire ta. Ki koma, akwai maganin kwanaki kaɗan da ke tsagaita shi, wasu kuma yana lafawa da kansa. In kin ga ba za ki iya ba, a cire, kada kowa ya ce sai wa'adinta ya cika. In maganin ne gaba ɗaya ba kya so, robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da shi ko kaɗan, jan ƙarfen ne ke kashe kuzarin maniyyi, tana kai shekara 10 zuwa 12. Sai dai tana ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman watannin farko.

Baban Yara: To ai gara azalu da shayarwa, ba magani ba ɗigo.

Uwar Biyar: Malam, ni shayarwar ce ta ba ni kunya. Ɗana yana wata bakwai na yi kwanika. Ga goyo a baya, ga ciki, jinina ya yi ƙasa har sai da aka ƙara min leda biyu wajen haihuwa. Na tuna ina kwance ina kallon jinin yana ɗiga, yaron gida ko tafiya bai gama koya ba. Kuna ta lissafa illar magani, ba wanda ya lissafa illar haihuwa a kai a kai.

Ungozoma: Sannu Yaya. Shayarwa tana karewa ne da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta tafi. Azalu kuwa kamar 20 cikin 100 ciki kan shiga a shekara. Kwaroron roba 13, amma shi ne ke kare mutum daga ciwon sanyi da ƙanjamau, abin da allura da ashana ba sa yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin.

Maman Tagwaye: Na ɗauko katin na duba, wata takwas da kwana tara. Zan jira, Anti. In na kai yaushe zan je a duba ni?

Ungozoma: In kin cika shekara da allurar ƙarshe al'ada ba ta daidaita ba, ki je. Ki riƙa rubuta ranar da ta zo da ranar da ta ɗauke, ki tafi da takardar.

Hajiya Babba: Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da allurar nan ba. Amma gwajin namijin, yaya ake yin sa?

Ɗan Kemis: Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a kwalbar da za su ba shi, a duba cikin awa guda. In an ga matsala akan maimaita kafin a yanke hukunci.

Hajiya Babba: Zan sa yayanmu ya yi masa magana, shi yake jin nauyi. Shekara bakwai ita kaɗai ke shan magani.