Fijon Marigayi Baba: A Tashe Ta Ko A Kwance A Sayar?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Maganar Fijo 504 ɗin Baba ce, wadda ke ƙarƙashin darbejiya a gidanmu na ƙauye, hanyar Ringim. 'Yan gwangwan sun sake zuwa tayi. Ni dai a ganina motar da tsatsa ta ci ƙasanta ta gama aiki. A kwance injin da giyabos da fitilu a kai kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, ragowar ƙarfen a ɗora a sikeli, kuɗin ya shiga rabon gado.

Auta: Yaya, don Allah a dakata. Wannan fa haɗin Kaduna ce, daga kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yanzu an daina yin irinta, duk wadda aka yanka ta tafi ke nan. Da ita Baba yake kai mu cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da ita ake kai masu naƙuda asibiti cikin dare. A ce a kilo za ta ƙare?

Yaya Babba: Ni ma a cikinta na girma, Auta. Amma ka leƙa wajen ƙafar direba? Ƙasa ake hangowa ta ramin.

Kawu Bakanike: Ku saurara, yarana. Ba kowace tsatsa ke kashe mota ba. Ramin da ka gani, robar gilas ce ta mutu, ruwan damina ya riƙa kwanciya ƙarƙashin kafet. Mai walda zai yanke wurin ya sa sabon faranti, ba wani abu ba ne. Inda ake tsoro daban. Ita 504 ƙaramar ba ta da shasi nata na daban irin na Land Rover, jikin shi ne ƙashinta. In tsatsa ta cinye mazaunin shokozoba na gaba da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, to ko an shafe ta da fenti ba zan yarda ɗana ya hau ba. Sai an ɗaga ta an bi ta da guduma: ƙarfe mai rai yana amsawa, ruɓaɓɓe kuwa zuba yake kamar garin tuwo.

Auta: Injin fa, Kawu?

Kawu Bakanike: Shi ne mai sauƙin. Kafireto ne, babu kwamfuta. A cire fulogai a zuba man inji a ramukansu a bar shi ya kwana biyu, a juya da hannu. In ya juya, akwai rai.

Gwaggo: Duk na ji ku. Amma motar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, akwai haƙƙin ƙannenku mata da yaran amarya da ba su mallaki hankalinsu ba. Ba za a taɓa dukiyar marayu a zuba a gyaran da ba a san ƙarshensa ba. Mai son ta, a yi mata kuɗi a gaban shaidu, ya saya daga kasonsa.

Auta: Na yarda, Gwaggo. A cire daga nawa.

Yaya Babba: To, amma da kuɗin da za ta yi in an kwance ta za a ƙiyasta, ba tayin 'yan gwangwan ba, kada a tauye yaran. Kawu, yaushe za ka samu zuwa?

Kawu Bakanike: Asabar da safe, in Allah ya kai mu. A tanadar min jak da duwatsun tokare taya, kuma a kore awakin da ke kwana a ƙarƙashinta.