Amsata ta faɗi ƙasa da sifili, ina na yi kuskure?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin ƙididdiga ku agaza mini, wannan aikin gida ya hana ni barci tun shekaranjiya.

An ce an gwada ƙwan fitila 20 daga wata masana'anta, guda 1 ya fito da matsala, a nemo tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100 ta kason lalatattu, wato iyakar ƙasa da ta sama da ake sa ran ainihin kason yana tsakaninsu. Na raba 1 da 20 na samu 0.05. Na ninka 0.05 da 0.95, na raba da 20, na ɗauki tushen murabba'insa, ya ba ni wajen 0.0487. Da na ninka da 1.96, lambar da ake amfani da ita ga kashi 95, sai ga 0.0955. Da na haɗa shi da 0.05, iyakar sama 0.1455, ba laifi. Amma da na cire shi daga 0.05, ta ƙasa -0.0455! Yaya kaso zai gaza sifili? Sau huɗu ina sake dannawa a kalkuleta, abu ɗaya.

A littafin rubutuna na ga an ce sai lalatattun sun kai 10 kafin wannan hanyar ta yi aiki, ni kuwa ɗaya tal gare ni. To in mayar da iyakar sifili kawai, ko in bi hanyar Wilson, wata hanyar lissafin wannan tazarar? Abokina ya ce in ƙara lalatattu 2 da masu kyau 2, samfurin ya zama 24, amma ya kasa faɗa mini dalili. Ranar Litinin za mu miƙa.