Don Allah ina ake kai yara shan iska a Kano?

Baban Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah taimako nake nema. Wata huɗu kenan da aka maido ni Kano da aiki, asalina ɗan garin ne amma na bar shi tun ina saurayi, yanzu na dawo da iyali sai nake jina kamar baƙo. Yara sun samu hutun ƙarshen shekara, tun safe har dare suna kan waya da katun, in aka ɗauke wuta kuma sai faɗa, wannan ya ɗaukar min kaza wancan ya dake ni, uwarsu har ta gaji da rabon faɗa. Gidan haya muke, tsakar gidan ko keke ba ya iya juyawa. Sau biyu na kaisu manyan kantunan nan aka sha askirim aka hau lilo na minti biyar, aljihu ya ji jiki, aka dawo gida ba wanda ko gumi yayi. Na bincika a waya da turanci wai ko zan samu wurin shaƙatawa, sai tashoshin mota take nuna min da wuraren biki. Ni abinda nake so wuri mai bishiyoyi da inuwa, a shimfiɗa tabarma yara suyi guje-guje su gaji. Ina da 'yar ƙaramar mota, ko bayan gari ne zan iya in dai za'a je a dawo a yini ɗaya. Babban shekararsa 9, ƙaramar 5.

Uwar Gida:

Wa alaikumus salam, sannu da dawowa Baban Biyu. Ai gidan zoo shine na farko, ni ban san me yasa mutane suke raina shi ba. Kowa ya ɗauka dabbobi kawai ake zuwa gani, ni kuwa inuwar ce take kaini, don duk cikin garin nan da wuya ka samu fili mai faɗi da manyan bishiyoyi irin nasa, kana barin hayaniyar titin ka shiga ciki zakaji iskar ma ta canza. Amma ka riƙe wannan, kar ka kuskura kaje da sallah ko Lahadi da yamma, ranar kamar Kano ce gaba ɗaya ta taso, turereniya da ƙura, hankalinka duk yana kan kar yaro ya ɓace maka, ba wani hutu a ciki. Tunda hutu ake kaje Talata ko Laraba da hantsi, wurin kamar naku ne ku kaɗai.

Ni yadda nake yi, tun asuba na dafa dafa-duka na zuba a kula, zoɓo kuma tun dare yana firji, tabarma biyu, buta, da leda ta zuba shara. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, siye-siyen ciki ne yake cin kuɗi, in ciki a ƙoshe yake yaro ba zai dameka da kukan sai min sai min ba. 'Yar autata ba ruwanta da zaki, wai barci kawai yake, jimina ce mutuniyarta, ta tsaya ta kafa mata ido kusan rabin awa tana tambayata wai ina hannunta. Ka dai ja musu kunne akan birai, banda miƙa hannu cikin keji. Kuma a sa musu rigar sanyi da man leɓe, iskar hunturun nan ba ta da wasa.

Na Kurna:

Hajiya kin manta baki gaya masa ya ɓoye walat ɗinsa ba, kar gwaggon biri ya haɗiye kamar yadda akace ya haɗiye naira miliyan 6.8 a 2019 hhhh. Daga baya gwamnan lokacin ya fito yace ai babu ma gwaggon biri a gidan. Wallahi Kano sai mu.

Uwar Gida:

Kai dai Na Kurna baka rabuwa da tsokana. Kar ka kashe masa gwiwa mana.

Ɗan Gwammaja:

Yallaɓai kace ɗan gari ne kai, to yaushe rabonka da hawa Dala? Na rantse da yawan masu kukan ba wurin zuwa a Kano basu taɓa hawanta ba, kullum suna wucewa ta gindinta a adaidaita. Ni duk Asabar bayan sallar asuba nake hawa ni da abokaina biyu, akwai matakala har sama, ba wai rarrafe zakayi akan dutse ba. In ka isa sama rana tana ɓullowa zaka ga garin a shimfiɗe, ga Goron Dutse can yana kallonka, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidajen cikin gari a cushe kamar an zuba su, hayaƙin masu ƙosai yana tashi lungu-lungu. Yanzu lokacin hazo ne, wata ran ba zaka hango nesa sosai ba, amma sanyin yafi daɗin hawa, in bazara ta shigo ƙarfe takwas ma dutsen ya fara gasa mutum.

Yaronka mai shekara 9 zai ji daɗi sosai, ka bashi labarin Barbushe da Tsumburbura a inda abin ya faru ba a littafin makaranta ba. Ƙaramar kuwa ka riƙe hannunta gam don akwai gefen da ba kariya, kuma ka shirya goyo a kafaɗa. Ba inuwa a saman, saboda haka ba wurin yini bane, awa ɗaya ku sauko. Daga nan in da sauran ƙarfi ku biya Gidan Makama kusa da gidan Sarki, ko marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma farin yadi ya fito shuɗi. In kuma gudu kawai kake so suyi, Race Course da sassafe mutane suna motsa jiki, ka tafi musu da ƙwallo.

Kawu Mai Ritaya:

Baban Biyu tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu da muka taso ba'a kai yaro shan iska, iskar ce take samunsa a ƙofar gida. Kowace unguwa da filinta na ƙwallo da langa, ga ganuwa muna hawa muna gangarowa, ga gonaki da zarar ka fita ƙofar gari. Yau ka nuna min filin da ya rage, duk an yanka an yi shaguna da filaza, ganuwar ma ana ta cinta kaɗan-kaɗan, sabbin unguwanni kuma ana fitar da filotai ba wanda yake tuna a bar ko ɗan wurin da yaro zai buga ƙwallo. Shi yasa wayarka bata nuna maka komai ba, ba laifinta bane. Gidan zoo ɗin da Hajiya take yabo, Audu Baƙo ne yayi shi a farkon shekarun 1970, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975.

Tunda kana da mota kaje Tiga. Shima aikinsa ne, an gama dam ɗin a 1974. Ka ɗauki hanyar Zariya da wuri, ka wuce Kura da Kadawa, hanyar kanta abin kallo ce a wannan lokacin don noman rani ya kankama, ko'ina ya bushe amma nan kore shar, alkama da tumatir da albasa, duk ruwan Tiga ne yake bi ta magudanan nan yana shayar dasu. Ka tsaya ka nunawa yaran, su san tumatir ba a kwando yake tsirowa ba. Bagauda ma tana wannan yankin amma yanzu makarantar lauyoyi ce a wurin, ba kamar da ba da ake zuwa hutun ƙarshen mako. In kun isa Tiga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwata ba zai ga ruwa iya ganinsa, ga masunta da komarsu, ka sayi kifi ɗanye ka kawo wa uwargida.

Amma ina roƙonka da girman Allah, kallo kawai. Banda wanka, banda tsoma ƙafa, kuma duk wanda yazo yace ku hau kwale-kwale a zaga daku kace ka gode, in dai ba rigar ruwa ga kowa. Bamu manta da abinda ya faru a Ɓagwai a ƙarshen 2021 ba, jirgin da ya kife da yara 'yan Islamiyya. Ruwan dam a sama lumui, a ƙasa ba wanda ya san zurfinsa. Sannan wani zai ce maka ka ƙarasa dajin Falgore tunda ka kama hanyar kudu, kar ka ɗauki iyali ka nufi can da ka, sai ka tambayi direbobin da suke bin hanyar Jos a satin. La'asar tayi muku a hanyar gida.

Baƙon Bauchi:

Kanawa kun gama? To ku matsa. Malam duk wannan share fage ne, in ka samu kwana biyu ka kawo su Yankari. Nasan kace yini ɗaya, shi kam ba zai yiwu ba, sai da kwana. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka karya, ƙofar shiga tana Mainamaji, daga nan ma da sauran tafiya cikin daji kafin Wikki. Ruwan Wikki ɗumi gareshi dare da rana, kusan digiri 31 duk shekara, garau kana hango yashin ƙasa, kuma akwai gefen da bashi da zurfi da yara suke shiga da babba a kusa, wannan ba irin na dam bane Kawu. Dabbobi kuma an fi gani da rani sosai, in ciyawa ta bushe suna taruwa wajen kogin Gaji, giwa dai sa'a ce, wani ya gani wani ya dawo da labarin kashinta kawai. Gwaggon biri kuwa ba sai ka nema ba, su zasu nemeka, in ka bar ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe sun gama da burodinka. Na Kurna a nan ne zaka ɓoye walat da gaske. In kuma raƙumin dawa da jakin dawa suke son gani to gandun dabbobi na Sumu ne, a Ganjuwa. Ka dai kira wani ɗan gari ka ji halin hanya kafin ka taso.

Baban Biyu:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Rahoto: jiya Asabar mun hau Dala. Ɗan Gwammaja Allah ya saka maka, amma baka gaya min cinyoyina zasu yi tsami haka ba, yau da ƙyar nayi ruku'u. Yaron ya ce zai ƙirga matakala, ƙanwar ma ta ce zata ƙirga, a tsakiya lissafi ya rikice suka fara musu, daga nan ta zauna daɓas tace ita ta gama, haka na saɓa ta a wuya har sama. Da muka isa shiru sukayi, sai can yaron yace Abba wai duk wannan Kano ce, ina gidanmu? Na nuna masa wani wuri can cikin hazo, ni kaina ban tabbata ba. Muna saukowa muka sayi ƙosai da kunu a gindin dutsen, kafin azahar duk sun yi barci, uwarsu har tana tambaya me na basu. Hajiya zoo sai Laraba insha Allah, an riga an jiƙa zoɓo. Kawu Tiga kuma sai na karɓo motar daga wajen bakanike, taya ɗaya bata min kama da mai zuwa Kadawa ba.