Farautar elk da baka: neman nama ne ko wahalar da dabba?

Na Denver: Salam jama'a. Jiya da daddare muka sauko daga dutse, mu huɗu, kwana shida a dajin jihar Colorado ta Amurka, kuma Allah Ya ba ni sa'a na samu namijin elk da baka. Ga wanda bai san shi ba, dangin barewa ne amma girmansa kamar gwanki ko ya fi, namiji yana kai kilo 300, ga ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara wani ya tsiro. Har yanzu kafaɗuna ciwo suke.

Kawu: Barka da dawowa ɗana. Amma ni fa gaskiya abin nan bai kwanta min ba. Ƙasar da bindiga take ko'ina, mutum ya ɗauki kwari da baka ya je ya soki dabba ta yi ta gudu da kibiya a jiki tana zubar da jini, wannan ai azabtarwa ce. Kuma ba yunwa ta kai ku ba, nama na nan a kanti. Wasan masu ƙoshi ne kawai.

Jikan Sarkin Baka: Kawu ranka ya daɗe, to kakanninmu fa? Da baka suka ciyar da gidajensu, kakana kan burtu yake ɗaurawa a goshi ya yi ta rarrafe har ya zo dab da barewa.

Kawu: Su ba su da zaɓi, kuma kibiyarsu da dafin ƙwanƙwani take, ko ina ta taɓa an gama. Na ɗan nan akwai dafi?

Na Denver: Babu Kawu, doka ta hana sa dafi. Kaifin bakin kibiyar ne yake aiki, kamar reza yake, shi ya sa dole ka matso. Mai bindiga yana iya harbi daga mita 300, ni sai da ya zo kamar mita 25, ina durƙushe bayan wani kututture ina jin numfashinsa da warin jikinsa, abokina na baya can yana busa kukan macen elk. A Satumba suke barbara, namijin yana wata irin ƙara mai tsayi kamar sarewa da ke cika kwarin gaba ɗaya, ita ce take nuna maka inda yake. Kuma iska in ta juya ta kai masa warinka sau ɗaya shikenan ya tafi. Sau biyu a kwanakin nan na ja tsarkiya na mayar ban saki ba saboda bai ba ni gefe sosai ba. Da ya bayar na yi bisimilla na saki, ta shiga bayan karfata ta huda huhu, bai yi mita 80 ba ya faɗi, ina kallonsa.

Kawu: Kai Allah Ya taimake ka. Wanda tasa ta samu ciki ko cinya fa?

Na Denver: Wannan kam yana faruwa, ba zan musa ba, kuma shi ne abin da ya fi damun duk maharbin kirki. Amma da bindiga ma ana jikkata dabba ta tsere.

Anti: Ni maganar masu ƙoshi ce ta tsaya min. Na ga hotunan irin waɗannan mutanen, kullum ƙahon suke riƙewa suna murmushi, ban taɓa ganin tukunya ba. Ba ƙahon kawai suke yankewa su bar naman wa ungulu ba?

Na Denver: Anti wlh da za ki ga abin da ya biyo bayan hoton da kin sauya magana. A Colorado laifi ne ka bar naman da ake ci a daji, cinyoyi biyu da karfata biyu da naman gadon baya dole su fito, wanda aka kama ya yanke kai ya bar gawa zai iya rasa lasisinsa bayan tara. Sayar da naman daji kuma haramun ne a dokarsu, sai dai ka ci ko ka yi kyauta. Kuma inda muka je yana cikin dazukan da wata dokar Amurka ta 1964 ta keɓe, babu mota babu babur, ko keke ba a yarda ba, ƙafarka ce ko doki ko alfadari. Da misalin bakwai na safe ya faɗi, muka hau fiɗa nan take don rana in ta ɗaga zafin jikinsa kaɗai ya isa ya lalata naman daga wajen ƙashi, muka cire fata muka rarraba muka zare ƙasusuwa muka zuba a buhunan yadi masu shan iska saboda ƙuda, muka rataye a inuwa kusa da rafi nesa da inda muka bar kayan ciki don beyar, wata babbar dabbar daji mai cin nama, na zuwa wurin. Sai ɗauka. Kowa ya goya abin da ya kai kilo 30 ko fiye, tafiyar kilomita 7 zuwa mota, a tsaunin da ya kai mita 3,000 inda ko ba kaya numfashi sama-sama kake yi, ga itatuwa sun faffaɗi a hanya sai ka tsallaka ɗaya bayan ɗaya da kaya a baya. Sawu biyu muka yi, na ƙarshe da fitila a goshi. Abokan nan uku ba su harbi komai ba, hutun aikinsu suka ƙona suna ɗaukar naman wani, shi ya sa kashi huɗu muka yi shi daidai wa daida.

Jikan Sarkin Baka: Allahu akbar, rabon maharba kenan, haka ake yi a gida.

Anti: To na ji wannan. Amma kuɗin da kuka kashe ai ya sayi sa.

Na Denver: Ga baƙo daga wata jiha eh, lasisinsa ya haura dala 700, ni ɗan jiha bai kai 100 ba. Kuma kuɗin ba a banza yake tafiya ba Anti, farkon shekarun 1900 elk da suka rage a Amurka ba su kai 50,000 ba saboda kisan ba ji ba gani, yau Colorado kaɗai tana da sama da 250,000. Tun 1937 akwai harajin da ake ɗorawa bindigogi da harsashi, daga baya aka haɗa da kwari da baka, yana tafiya wajen kula da namun daji.

Malam: Bari in sa baki kaɗan. A Risala an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halas ce, to niyya ce ke rabawa, kuma wanda ya goyo nama kilomita 7 ya nuna tasa. Hadisin Adiyyu bin Hatim kuma ya ce abin da makami ya huda da kaifinsa a ci, wanda ya buge da faɗinsa kada a ci. Kibiyarka ta huda, ka ambaci sunan Allah, babu matsala. In ka tarar da shi da sauran rai kuwa sai ka yanka. Inda malamanmu suka yi magana shi ne dabbar da ta ɓace maka har ta kwana.

Kawu: Yawwa Allah gafarta Malam, nan nake. Na ji ana cewa in sun yi harbi da yamma ba su tabbatar ba sai su bar ta har safiya.

Na Denver: Haka ne Kawu, wasu na yi, don in ka bi ta da wuri tana tashi ta ƙara nisa ka rasa ta gaba ɗaya. Amma a zafin Satumba sau da yawa kafin safiya gefen da ya kwanta a ƙasa ya fara wari.

Kawu: Ka gani. Dabba ta kwana tana shan azaba, nama ya lalace. Ni har yanzu bindiga nake gani ta fi rahama, ban sauka daga nan ba. Maganar wasa dai na janye ta.

Na Denver: Na gode Kawu. Baka dai ba zan ajiye ba, amma na ɗauki wannan, baɗi in Allah Ya kai mu in rana ta kusa faɗuwa yadda ba zan iya bin jini da ido ba, ba zan saki kibiya ba ko ya tsaya a gabana. Malam dan Allah ka duba min hukuncin in ta faɗa ruwa bayan harbi, akwai rafuka da yawa a wurin.